Idon 'yata yana karkacewa, maigida ya ce a bari ta girma

Assalamu alaikum. 'Ya'yana uku. Ta tsakiyar mace ce, shekararta uku da rabi. Kusan wata takwas ke nan na lura idonta na hagu yana zamewa ya nufi hanci, musamman in ta gaji ko ta ƙura wa abu ido a kusa. Da jifa-jifa ne, yanzu kusan kullum da yamma sai na gani. Na yi wa maigidana magana mu kai ta a duba, ya ce lafiyarta ƙalau, tunda ko allura ce ta faɗi ƙasa ita ke fara gani. Mahaifiyarsa ma ta ce shi kansa haka idonsa yake yana yaro, kuma ya miƙe ba wanda ya taɓa shi. Na fahimci tsoronsa kada a ce za a yi mata aiki, ko a maƙala mata tabarau tun tana 'yar mitsitsiya yara su riƙa yi mata dariya. Makarantar yayanta mai shekara biyar ta aiko da takarda za a yi wa yara gwajin ido, ya ce ba sai an yi masa ba, idonsa garau yake. Ga jaririyata mai wata biyu, ita ma wani lokaci ina ganin idanunta suna haɗuwa. Zuciyata kuma tana ce min laifina ne, don ina yawan ba yarinyar waya in ina aiki. Rannan wata baƙuwa ta kira ta harara-garke a gabana, na shiga ɗaki na yi kuka. Ba na son in saɓa wa mijina, ba na kuma son surukata ta ga kamar na raina maganarta. Yaya zan yi?

Uwar yara uku

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Bari in ba ki amsa tun kafin bayani ya yi tsawo: yarinyar nan likitan ido ya kamata ya gan ta, kuma cikin 'yan makonnin nan, ba sai ta isa shiga firamare ba. Kada wannan ya tayar miki da hankali. Abin da kika kwatanta yana cikin matsalolin da masu duba idon yara suka fi sabawa da su, kuma sau da yawa tabarau kaɗai ke raba gardama. Shekarunta ne suka sa nake cewa a hanzarta. Maganin da zai yi aiki cikin sauƙi a shekara uku da rabi, in ta kai goma sai an sha wuya, kuma ba lallai a samu yadda ake so ba.

Maganar laifi kuwa, ki cire ta daga ranki. Idon da ke fara zamewa wajen hanci tsakanin shekara biyu zuwa huɗu, galibi asalinsa yana cikin ƙirar idon ne tun haihuwa, kuma yakan bi jini. Abin da wayar ta fi yi shi ne tona asirin matsalar, saboda kallon abu a kusa ne ke fito da karkatar fili. Da littafin hotuna ne a hannunta ko 'yar tsana, haka za ki gani. Rage mata waya yana da kyau don wasu dalilan, amma ba shi zai miƙar da idon ba. Ke ce kika lura, ke ce kika bi abin har kika gane lokacin da yake zuwa da abin da ke tayar da shi, kuma bayanin nan da kika rubuto shi ne rabin abin da likita zai tambaya.

Mu ɗauki hujjar maigidanki, domin ba hujjar banza ba ce: yarinya tana tsintar allura a ƙasa, to ina ciwon? Tana gani kam. Amma da wane ido? Kowane ido yana da tsokoki shida da ke juya shi, kuma sai idanun biyu sun sauka a wuri ɗaya ƙwaƙwalwa ke iya haɗa hotunansu su zama guda. In babba ne idonsa ya karkace rana tsaka, gani zai riƙa yi biyu-biyu, kuma da ƙafarsa zai kai kansa asibiti. Ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro ba ta zama cikin wannan ruɗani. Kamar mutum ne da mutane biyu ke yi masa magana lokaci guda, ɗaya da murya sarai, ɗaya yana ƙunƙuni: sai ya karkata kunne ga mai muryar, a kwana a tashi ya daina jin ɗayan ko da ya ɗaga murya. Haka take yi wa idon da ya karkace, sai ta daina karɓar saƙonsa. Yaro ba ya jin zafi, ba ya gani biyu-biyu, ba ya ƙorafi, yana ta wasansa da ido ɗaya. Shi kuma idon da aka yi watsi da shi, hanyoyin da ke kai saƙonsa cikin ƙwaƙwalwa ba sa ƙosawa. Wannan ne ragon ido, wanda likitoci ke kira ambiliyofiya. Ƙwayar idon lafiyarta lau, amma ganin ya yi rauni, har ta kai ko an sa tabarau daga baya ba ya kamo na ɗan'uwansa.

An daɗe da gano cewa abin yana da lokaci. A shekarun 1960 wasu masana biyu a Jami'ar Harvard ta Amurka, David Hubel da Torsten Wiesel, sun rufe ido ɗaya na 'ya'yan kyanwa a watannin farko na rayuwarsu. Da aka buɗe, idon ba abin da ya same shi, amma kusan ba ya gani, domin ɗaya idon ya riga ya mamaye wurinsa a ƙwaƙwalwa. Da aka yi wa manyan kyanwoyi haka, ba su makance ba. Aikinsu a kan gani ya sa aka ba su kyautar Nobel a 1981. A ɗan Adam wannan lokaci na koyon gani ya fi ƙarfi a shekarun farko, yana raguwa a hankali har wajen shekara bakwai zuwa takwas. Ba wai ranar da yaro ya cika takwas komai ya ƙare ba. Wani babban bincike da ƙungiyar likitocin idon yara ta yi a Amurka, wanda ya fito a 2005, ya nuna kusan rabin yara masu shekara 7 zuwa 12 sun samu ƙarin gani da aka yi musu magani. Rabi dai ke nan, alhali a shekarun 'yarki mafi yawan yara suna amfana.

Wataƙila ya ce, to in ido ɗaya yana gani sarai, mene ne na wahalar da yarinya? Idanu biyu da ke aiki tare su ne ke auna nisa da zurfi, wajen cafe ƙwallo, da sauka daga bene, da zura zare a allura. Akwai kuma ayyukan da ba a ɗaukar mutum sai idanunsa biyu sun ci gwaji, tuƙin jirgin sama misali. Abin da ya fi damuna ni dai shi ne gaba. Rayuwa tana da tsawo, kuma in wani abu ya sami idon mai kyau, ko rauni ko ciwon tsufa, wancan da aka bari tun yarinta shi ne abin da ya rage mata.

Daga nan sai maganar yayanta, kuma a nan ne nake ganin maigidanki ya fi yin kuskure, ko da yake kuskure ne da kusan kowane uba zai yi. Ragon ido ba sai da karkata yake zuwa ba. Akwai yaron da idanunsa biyu suke a miƙe tsaf, amma ɗaya yana kai hoto garau, ɗayan yana kai dishi-dishi saboda ƙirarsu ta bambanta. Ƙwaƙwalwa sai ta zaɓi mai kyan ta bar ɗayan, kuma ba abin da uwa ko malami za su gani daga waje. Shi yaron bai taɓa ganin duniya da wasu idanun ba, balle ya san akwai abin da ya rasa. Kimanin yara biyu zuwa uku cikin ɗari suna da ragon ido, kuma da yawansu a wurin gwaji kaɗai ake kama su. Shi ya sa kwamitin da ke ba da shawara kan rigakafi a Amurka ya ce a gwada ganin kowane yaro aƙalla sau ɗaya tsakanin shekara 3 zuwa 5, a Birtaniya kuma shawarar ita ce a gwada yara masu shekara 4 zuwa 5, galibi a shekarar farko ta makaranta. Gwajin nan ba allura, ba zafi, mintoci kaɗan ne. Ana rufe ido ɗaya, a nuna wa yaro haruffa ko hotuna suna ƙanƙancewa layi-layi. Ga wanda bai iya karatu ba akwai alamomi huɗu da wata likitar ido 'yar ƙasar Finlan, Lea Hyvärinen, ta tsara: gida, tuffa, da'ira da murabba'i, yaro ya faɗi sunan ko ya nuna irinsa a katin da ke hannunsa. Wasu wuraren da na'ura mai kama da kyamara suke yi, ta auna idanun biyu daga nesa. Ku sa hannu a takardar nan. In sakamako ya ce a kai shi asibiti, ba hukunci ba ne, domin gwajin makaranta tacewa ce kawai, kuma akwai yaran da kunya ko gajiya ke sa su faɗi gwajin alhali idonsu lafiya. Ita ƙanwar tasa kuwa ta wuce matakin tacewa. Wanda aka riga aka ga alama a idonsa, kai tsaye wurin likita ake kai shi, ko da ya ci gwajin makaranta.

Surukarki fa, ban ce ta faɗi abin da ba haka ba. Mai yiwuwa ne ƙwarai ta ga abin da ta ce ta gani. Yara da yawa ana haifarsu da faffaɗan karan hanci da 'yar fata da ke rufe farin ido ta gefen hanci, sai ido ya yi kamar ya karkace alhali a miƙe yake. Da fuska ta girma hanci ya tashi, sai a ce ido ya gyaru, alhali dama can ba abin da ya same shi. Haka kuma jarirai a watannin farko idanunsu kan yi yawo jifa-jifa kafin su koyi tafiya tare. Wannan ya shafi jaririyarki: a wata biyu, haɗuwar ido da ke zuwa tana wucewa ba abin tsoro ba ce. In ta wuce wata huɗu abin bai daina ba, ko kuma tun yanzu ido ɗaya ya kafe a karkace ba ya dawowa, a nuna ta. Amma karkatar da ta fara bayan shekara biyu, kuma tana ƙaruwa maimakon raguwa, ba ta cikin irin waɗannan, kuma ba a zuba mata ido a ce girma zai gyara.

Akwai wata fassarar ta labarin surukarki da nake so ki riƙe a ranki, ki kuma yi amfani da ita da hikima. Wani lokaci karkata tana raguwa har ba a lura da ita, amma raunin ganin yana nan. Manya da yawa ba su san ido ɗayansu rago ba ne sai ranar da aka yi musu gwajin lasin tuƙi ko na ɗaukar aiki. Wata rana cikin raha ki ce wa maigidan ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya karanta rubutun kalanda daga nesa, sannan ya sauya. In duka biyun daidai suke, alhamdu lillahi. In kuwa ɗaya ya gaza, ba sai kin ƙara ko kalma ba. Kada dai ki yi wannan a gaban mahaifiyarsa, kuma kada ya zama kin kafa masa tarko ne.

Kafin ranar asibiti akwai abubuwan da za ki iya dubawa a gida. Da yamma lokacin da idon ke zamewa, ki ɗauki hotonta da bidiyo tana kallon wayar kai tsaye, domin sau da yawa yaro yana shiga ɗakin likita ido ya miƙe kamar ba shi ba. Ki haska mata ƙaramar tocila daga nisan kamu ɗaya, ki dubi ɗigon hasken da ke ƙyalli a kan baƙin idon: ya kamata ya sauka a wuri iri ɗaya a idanun biyu. In a dama yana tsakiya, a hagu kuma ya koma gefe, to idon ya kauce. Sannan ki yi mata wasan ɓuya, ki rufe ido ɗaya da tafin hannunki tana kallon abin wasa. Yaron da ke da ragon ido ba ya damuwa in an rufe mai raunin, amma da an rufe mai kyan sai ya ture hannu, ya leƙo ta gefe, ko ya fashe da kuka. Waɗannan duk don ki samu abin nunawa ne. Ko sun fito daidai ba su wanke ta ba.

Abu ɗaya ne ba ya jiran shawarar kowa. In a hoton da aka ɗauka da filashi, ko a ɗaki mai duhu-duhu, kika ga tsakiyar ido ɗaya yana haska fari, ki nemi likita cikin kwana ɗaya ko biyu. A yara masu duhun fata hasken nan ba lallai ya fito ja sosai ba, don haka bambanci tsakanin idanun biyu shi ne abin lura. Farin nan yana iya zama yanar ido ta haihuwa, yana kuma iya zama ciwon dajin bayan ido da ke kama ƙananan yara, wanda karkatar ido ma tana cikin alamominsa. Ba kasafai ake samunsa ba, kusan ɗaya ne cikin haihuwa 15,000 zuwa 20,000, kuma ba abin da kika rubuta da ke nuna shi. Na ambata ne don ki san dalilin da ya sa likita ba ya sallamar yaro mai karkatar ido sai ya leƙa can cikin idon. Haka nan in karkata ta zo farat ɗaya tare da ciwon kai, ko amai, ko tangaɗi, ko faɗuwar fatar ido, ko yaro ya ce yana gani biyu-biyu, wannan ma a ranar ake zuwa.

A asibiti abin da za a yi bai kai yadda ake tsoro ba. Za a gwada ganin kowane ido shi kaɗai, yawanci da filasta a manne a kan ɗaya idon don a rufe shi, saboda yara gwanayen leƙe ne ta tsakanin yatsu. Za a riƙa rufe ido ɗaya ana buɗewa ana kallon ko ɗayan zai motsa ya nemi abin da ake nuna mata, a kusa da kuma nesa. Sai a ɗiga mata magani mai ɗan yaji na 'yan daƙiƙoƙi, ku jira minti talatin zuwa arba'in. Maganin yana buɗe baƙin ido, yana kuma sassauta tsokar da ido ke matsawa don ya gyara hoto. Wannan matakin ne ginshiƙin duka, kuma shi ya sa ba na so ki tsaya a wurin da sayar da tabarau kaɗai suka sani. Idon yaro yana da ƙarfin da zai ɓoye matsalarsa in ba a sassauta shi ba, sai awo ya fito ƙarya. Bayan maganin ya kama, likita zai haska fitila ya auna lambar tabaran ba tare da yarinyar ta ce uffan ba. Ko jariri ana aunawa haka.

Ba zan yanke hukunci daga takarda ba, amma abin da aka fi samu a yaro mai shekarunta da irin alamominta shi ne idon da sai ya yi ƙoƙari fiye da kima kafin ya ga abu sarai, musamman na kusa. Ƙoƙarin gyara hoto da jawo idanu wajen hanci a haɗe suke a jikin ɗan Adam, don haka in ƙoƙarin ya yi yawa sai ido ɗaya ya zarce ciki. Tabarau yana ɗauke wa ido wannan nauyin, sai ya koma mazauninsa. In tabarau ya miƙar da ido gaba ɗaya, ba a yin aiki. Ki kuma sanar da mutanen gida wani abu tun da wuri, don kada a zo ana cewa tabarau ya lalata mata ido: duk lokacin da ta cire shi karkatar za ta dawo, wani lokaci ma ta fi fitowa fili fiye da da. Haka abin yake, kuma alama ce cewa tabaran yana aikinsa. Ana sawa ne daga tashi barci har kwanciya. Ki zaɓi firam mai lanƙwasa da igiya ta baya, wanda ya rufe idon sosai, in ba haka ba ta sama za ta riƙa leƙe. Wasu yaran lambarsu tana raguwa da girma har su ajiye, wasu kuma suna ci gaba da sawa.

In an tarar idon hagun ya yi rauni, galibi ana fara barin tabarau ya yi aikinsa wata uku zuwa huɗu, don shi kaɗai yana ɗaga ganin yara da yawa. In da saura, sai a koma rufe ido, kuma mai kyan ake rufewa, don a tilasta wa ƙwaƙwalwa ta koma ga wanda ta ƙyale. Da can yini guda ake rufewa. Binciken da ƙungiyar likitocin nan ta fitar a 2003 ya nuna cewa ga matsakaicin rauni, awa biyu a rana yana yin abin da awa shida ke yi. Wanda ya fito a 2002 kuma ya nuna ɗiga maganin atirofin a idon mai kyau, don ya dushe ganinsa na kusa, yana kai wa ga sakamako kusan iri ɗaya da filasta. Ke nan akwai zaɓi in ɗaya ya gagara. Likita ne zai faɗi awa nawa, kuma dole a riƙa komawa awo, domin idon mai kyau ma yana iya yin rauni in aka wuce gona da iri. Atirofin kuma guba ne in yaro ya sha, a ajiye shi inda hannu ba ya kaiwa.

Ba zan ɓoye miki ba, makon farko na filasta yana da wuya. Kin ɗauki yarinyar da ke gani garau kin jefa ta cikin hazo, kuma ba ta san dalili ba. Za ta ɓalle shi, za ta yi kuka, wataƙila ke ma ki yi. Ki manna shi a fata ƙarƙashin tabarau, ba a kan gilashin ba. Ki zaɓi lokacin da ta ƙoshi ta kuma yi barci, ki zauna kusa da ita da abin da ke cinye hankali: zane, fenti, zura duwatsun ado a zare. Ki manna wa 'yar tsanarta irinsa, babanta ma ya manna na minti biyar in ya dawo. Wayar nan da kike zargin kanki a kanta tana iya zama lada a wannan lokacin kaɗai, ba filasta ba waya. Da ganin ya fara ɗagawa rigimar takan ragu da kanta. In an kai inda ake so, kada ki daina da kanki. Kusan yaro ɗaya cikin huɗu raunin yana dawo masa a shekarar farko bayan an tsaya, shi ya sa ake janyewa a hankali ana bibiya.

Aikin da maigidanki ke tsoro kuwa, gara ya ji gaskiyarsa daga yanzu. Ana yinsa ne in tabarau bai miƙar da ido ba, ko ya miƙar da wani ɓangare ya bar saura. Ba a ciro ido daga gurbinsa, kamar yadda mutane da yawa ke zato. Tsokokin da ke manne a jikin farin ido ake matsar da mazauninsu, a sassauta wata a ɗaure wata. Ana sa yaro barci, galibi a sallame shi a ranar ko washegari, ido ya yi ja na 'yan makonni. Yana da haɗarinsa kamar kowane aiki, kuma wasu yaran sai an sake na biyu. Aikin yana daidaita ido ne, ba ya koya masa gani, don haka ba ya maye gurbin tabarau da filasta.

Tsoron dariyar yara ma tsoro ne na uba mai son 'yarsa, kada ki yi masa gardama a kai. Ki dai tuna masa a hankali cewa tun ba a sa tabarau ba an riga an fara kiran ta da suna, kuma babba ce ta kira. A shekara uku yara ba su cika damuwa da wanda ya sa tabarau ba. Zolaya ta fi zafi a tsakiyar firamare, kuma wanda ya fara magani yanzu yana da damar gama filasta kafin lokacin. Baƙuwar nan kuwa, in ta sake, jimla ɗaya ta isa: "Sunanta ba haka ba ne, kuma likita yana duba ta." Yarinya tana jin yadda uwarta ke amsawa, ko ba ta nuna ba.

Yadda za ki shawo kansa, ina ganin ki raba abu biyu da suka cakuɗe a ransa, dubawa da magani. Shi yana jin "asibiti" sai ya hango wuƙa. Ki same shi ku biyu, lokacin da hankalinsa ke kwance, ki nuna masa bidiyon, ki ce: "Ba na neman a yi mata komai. A duba kawai, mu je tare ka ji da kunnenka. Duk abin da aka ce, ba za a yi ba sai ka amince." Wannan alkawari ne da za ki iya cikawa, domin ba likitan da zai yi wa yaro aiki ba da sa hannun iyaye ba. In aka ce aiki, kuna da damar jin ta bakin likita na biyu. In kuɗi ne damuwar da bai furta ba, ki tambayi kuɗin ganin likita tun kafin ku je, don magana ta tsaya a kan abin da aka sani.

Surukarki kuma ki jawo ta ciki maimakon ki kewaye ta. Likita zai tambayi tarihin gida, kuma ba wanda ya san shi kamarta. Ki ce mata: "Mama, an ce irin wannan yana bin jini, kuma za a tambaye mu. Yana da shekara nawa nasa ya fara? Wane ido ne? Akwai wani a dangi da ya yi haka ko ya sa tabarau tun yana yaro?" Kin ba ta girmanta, kin kuma samu bayanin da ake bukata da gaske. Kaka da aka nemi saninta tun farko, sau da yawa ita ke zama mai tsaron filasta daga baya.

In duk da haka ya tsaya a kan a jira, kada ki yi fito-na-fito, kada kuma ki yi shiru. Ki nemi ya sa rana, domin "sai ta girma" ba ta da ranar cika. Za ki kai jaririya awo ko rigakafi ba da daɗewa ba, ki gaya masa za ki tafi da yayarta ma'aikaciyar lafiya ta duba, ki kuma roƙi a rubuto takardar turawa zuwa likitan ido. Maza da yawa da ba sa jin maganar daga bakin matansu suna karɓarta in ta zo a rubuce da hatimi. In akwai ɗan'uwansa ko abokinsa da yake jin maganarsa, musamman mai aikin lafiya, ki nemi ya sa baki. A tsakanin nan kada a ɗiga mata komai a ido da sunan gwaji, kada kuma a saya mata tabarau ba awo ko a fara rufe mata ido ba umarnin likita.

Ranar zuwa, ki nemi layin safe, ta ci abinci ta ƙoshi, ki ɗauki hotunan da bidiyon da abin wasan da ta fi so. Ki tafi da hula mai baki, saboda bayan ɗigon magani haske zai dame ta, ganinta na kusa kuma zai dushe na wasu awoyi, wani lokaci har washegari. Ki gaya wa likita in bakwaini ce ko ta taɓa doguwar jinya. Ki tambaye shi ƙarfin ganin kowane ido, a rubuta miki a kati don ki riƙa kwatantawa duk zuwa. Ki tambayi ko karkatar irin wadda tabarau ke gyarawa ce, da wata nawa za a jira kafin a san ko ya wadatar. Kafin ku fito ki karɓi ranar dawowa, ki kuma tambaya a wata nawa suke so a kawo jaririyar, tunda yanzu an san abin yana cikin gida.